Guga a tsakiyar teku

Muna ɗaure a tashar Rotterdam ana sauke kwantenoni, sai mai gadin tsani ya kira ni ta rediyo, ya ce ga wata baƙuwa tana neman hafsan da ke bakin aiki. Gabana ya faɗi. Wata biyu ke nan da ba ni muƙamin hafsa na uku, kuma kayan kashe gobara da kwale-kwalen ceto duk a wuyana suke, saboda haka duk wanda ya hau jirgi da jaka a tashar Turai, masu bincike nake fara kawowa a raina. Da na sauka sai na tarar da wata dattijuwa da hular kwano da riga mai ƙyalli. Ta ce daga hukumar kula da yanayi ta ƙasar Holan take, wato KNMI, kuma baromita ta zo dubawa.

Na kai ta ɗakin tuƙi. Ta fito da nata ma'aunin nauyin iska daga wani akwati mai soso a ciki, ta ajiye shi dab da namu, ta ja kujera ta zauna. Ba ta karanta ba sai da ta bar shi ya huta. Bambancin da ta samu bai kai rabin lamba ɗaya ba, amma ta rubuta shi a kati da kwanan wata, ta liƙa a jikin bango. Ta tambaye ni zurfin da jirgin ya nutse a ruwa a ranar. Na yi mamakin abin da ya haɗa wannan da iska, sai ta yi mini bayani: duk mita takwas da ka hau sama, nauyin iska yakan ragu da kusan lamba ɗaya. Baromitanmu yana kusan mita 28 daga fuskar ruwa idan an cika jirgin da kaya, idan kuma an sauke kayan jirgin ya taso, tsayin ya ƙaru. In ba a gyara lissafin ba, rahotonmu zai nuna kamar akwai wani rami a sararin sama yana bin jirginmu duk inda ya nufa.

Kafin ta tafi ta bar mana ƙullin sababbin lagwani da babban hoton nau'o'in gajimare. Ta tambaye ni daga ina nake. Na ce arewacin Nijeriya, kusa da iyakar Nijar. Ta ce, "Sahel ke nan. To ruwan da za ka riƙa aunawa idan kun gangara kudu, shi ne ruwan saman garinku." Na ɗauka irin maganar nan ce ta faranta wa yaro rai. Na yi godiya, na raka ta bakin tsani.

A makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron mun karanta darasin yanayi, mun ci jarrabawarsa, amma a ranar na san cewa jirginmu yana cikin jiragen sa-kai masu aika rahoton yanayi. Tsarin yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya. Ba a biyan kamfani, ba a biyan kyaftin, ba a ƙara wa hafsa ko sisi. Hukumar yanayi ta wata ƙasa takan ba jirgi aron kayan awo, ta riƙa turo jami'inta yana duba su, jirgin kuma ya riƙa aiko abin da ya gani sau huɗu a kwana: sha biyun dare, shidan safe, sha biyun rana da shidan yamma, duk a agogon GMT. Abin ya daɗe. Tun 1853 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Maury, ya sa aka yi taro a Brussels, inda ƙasashe masu jiragen ruwa suka amince a riƙa rubuta yanayin teku a tsari iri ɗaya, domin abin da jirgin wata ƙasa ya rubuta ya yi wa na wata amfani.

A jirgi ba a cika kiran mutum da sunansa ba, muƙaminsa ake kira. Ni Tad ne, wato hafsa na uku. Wanda ya koya mini aikin kuwa Sakan ne, hafsa na biyu, mutumin Filifin mai shekara kusan hamsin, mai ƙarancin magana. Dutina daga takwas zuwa sha biyu ne, safe da dare, shi kuma yana karɓa ta daga sha biyu. Tunda hanyarmu daga Turai zuwa Dakar da Abijan da Tema da Legas ba ta nisa da agogon GMT, rahoton sha biyun rana da na sha biyun dare yawanci a kaina suke faɗowa. Sakan ya riƙa hawowa da saura minti ashirin, ya karɓi idon hanya, ni kuma in shiga awo.

Abu na farko da ya hana ni shi ne fara duba na'ura. Ya ce in fita waje tukuna, in tsaya a fiffiken ɗakin tuƙi, in kalli sama da ruwa kamar minti biyu ba tare da na rubuta komai ba. Da dare kuma sai ido ya saba da duhu kafin a ce an ga wani abu.

Ana raba sararin sama kashi takwas, a faɗi kashi nawa gajimare ya rufe. Wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana wajen nau'i: na ƙasa, na tsakiya, na can ƙoli, kowanne da lambarsa. A gida mun san gajimare da girgije da hadari, mun san hadarin da zai zubar da wanda iska za ta watse, amma ban taɓa zama na bambanta farin gajimare mai kamar auduga da wanda ya shimfiɗu kamar tabarma ba. Makonni na yi ina fita da hoton nan a hannu, ina ɗaga kai ina sunkuyarwa.

Sai iska. Wadda ke bugun fuskarka a kan jirgi mai tafiya ba ita ce iskar gaskiya ba, domin gudun jirgin ma yana haifar da tasa, kamar yadda mai babur ke jin iska ko da ganye ba ya motsi. Dole a cire gudun jirgi da inda ya dosa kafin a samu ta ainihi. Kwamfuta tana yin wannan lissafi, amma Sakan ya ce in fara karanta ta a jikin ruwa, da ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya ya tsara a 1805, daga sifili zuwa 12. Idan teku ta kwanta kamar madubi, sifili. Idan ka fara ganin farin kumfa jefi-jefi a kan raƙuman ruwa, uku. Idan kumfan ya yawaita, huɗu zuwa biyar. Idan ya fara jan dogayen layuka yana bin iska, an kai bakwai zuwa takwas, kuma lokacin ba sai an gaya maka ka riƙe ƙarfe ba. Bayan na faɗi tawa lambar sai mu duba ta na'ura. Idan suka saɓa da yawa, to akwai dalili, wataƙila tulin kwantenoni ne ya karkatar da iskar kafin ta isa ma'aunin.

Raƙuman ruwa ma iri biyu ne, kuma daban ake rubuta su. Akwai waɗanda iskar wurin ta tayar, gajeru masu gaggawa. Akwai kuma doguwar igiya mai tafe a natse daga nesa, wadda ba ruwanta da iskar da ke kaɗawa a nan. A mashigin tekun Gini za ka ga rana tsit, babu iska, amma jirgi yana ta lilo, saboda igiyar da wata guguwa ta tayar can kudancin Atilantika kwanaki da suka wuce sai yanzu ta iso. Ana ƙirga daƙiƙa nawa ke tsakanin tudu da tudu, ta hanyar sa ido a kan wani ɗan kumfa a ga hawansa da saukarsa. Na fi son wannan sashe a duk aikin. Mutum yana tsaye yana ƙirga labarin guguwar da bai gani ba.

Zafin iska ana karanta shi a wani ɗan farin akwatin katako mai tagogi kamar na barandar asibiti, wanda iska ke ratsawa amma rana ba ta shiga. Muna da biyu, ɗaya a kowane gefe, kuma na ɓangaren da iska ke fitowa ake karantawa, don kada a auna zafin ƙarfen jirgi da na bututun hayaƙi. A ciki akwai ma'aunin zafi guda biyu. Ɗaya a bushe yake. Ɗayan an sa wa gindinsa lagwani wanda ke tsotso daga ɗan kwalban ruwan batir. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya san sirrin: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, yana tafiya da zafi, shi ya sa na ciki ke sanyi, kuma ya fi sanyi da hunturu lokacin da iska ta bushe. Haka ma'aunin mai lagwani yake. Idan iska busasshiya ce, zai sauka ƙasa da ɗan'uwansa sosai. Idan ta cika da laima, za su yi kusan kai ɗaya. Daga tazarar da ke tsakaninsu ake fitar da yawan laimar iska.

A nan na yi kuskuren da har yanzu nake tunawa. Muna gangarowa ta gaɓar Muritaniya, kwana biyu a jere ina samun ma'aunan biyu kusan daidai, ina rubutawa ina aikawa. A dare na uku Sakan ya duba littafin, ya dube ni, ya ce, "Tad, leɓenka ya tsage ko bai tsage ba?" Na taɓa, ya tsage. Ya ce to yaya iskar da ke fasa leɓe za ta zama cike da laima? Muka fita da tocila. Kwalban ya ƙafe ƙaf, lagwanin ya yi tauri da gishiri kamar busasshen kifi. Rahoto huɗu na aika wa duniya da lambar da ba ta da tushe.

Da safe na je na gaya wa Kyaftin da kaina. Bai ɗaga murya ba. Ya sa na rubuta wa jami'ar nan ta Rotterdam saƙo, na faɗi ranaku da sa'o'in da abin ya shafa domin a yi musu alama. Sannan ya ce, "Duk abin da ba ka tabbatar ba, bar gurbinsa babu komai. Gurbi ba ya ɓatar da kowa. Lambar ƙarya kuwa za ta zauna a cikin lissafin mutane bayan ni da kai mun mutu." Tun daga ranar, kafin in karanta, sai na taɓa lagwanin da yatsa, kuma duk mako nake sauya shi.

Baromita shi ake karantawa a ƙarshe, dab da cikar awa, tare da yadda ya hau ko ya sauka cikin awa uku da suka wuce. A yankinmu na zafi yana da wata al'ada da ta burge ni: kullum yakan hau wajen goma na safe da goma na dare, ya sauka wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba, kamar numfashi. Idan ya karya wannan al'ada ya zarce ƙasa, tsofaffin matuƙa sun san akwai abin da ke tafe. Daga nan sai a shigar da komai cikin TurboWin, manhajar da hukumar Holan ɗin ta ƙirƙira, wadda ke tsayar da kai idan ka ce sama babu gajimare alhali ka ce ana ruwa. Ita ke mayar da rahoton jerin lambobi biyar-biyar, a tura ta tauraron ɗan'adam. Cikin ɗan lokaci ya shiga hanyar sadarwar hukumomin yanayi na duniya, ya isa manyan kwamfutocin da ke hasashen gobe da jibi. A ruwan da ake fargabar 'yan fashin teku, kamar mashigin Gini, akan ɓoye lambar kiran jirgi a rahoton da jama'a ke gani, don kada mai mugun nufi ya bi sawunmu da shi.

Na bar maganar guga sai yanzu domin ita ce ta fi shiga raina.

Jirage da yawa ba sa jefa guga. Waya ake yi wa ɗakin inji, a tambayi zafin ruwan da famfo ke zuƙowa don sanyaya inji. Mu ma haka muke yi da dare ko idan teku ta tashi. Amma Kyaftin ɗinmu ya ce muddin da rana ne kuma ruwa a kwance, a jefa guga. Ranar da Bosin, shugaban ma'aikatan bene, ya miƙo mini shi na riƙe shi na ɗan jima. Baƙar roba ce mai kauri, dogo siriri, da igiya a ɗaure, ɗan'uwan gugan da na yi shekaru ina ja a rijiyar ƙofar gidanmu kafin in tafi makaranta. Bambancin kawai wannan yana da bango biyu don kada ruwan ya huce, da ma'aunin zafi a cikinsa.

Ana sauka bene na ƙasa, a tsaya gaba da inda inji ke zubar da ruwan zafinsa. Ba a naɗa igiyar a hannu ko kusa, domin jirgi mai gudun not 15, wato kusan kilomita 28 a awa, idan guga ya cika ya ja, zai iya tafiya da mutum. A jikin ƙarfe ake ɗaure ta. Sai a wurga gugan gaba, a bar shi ya nutse ya biyo jirgi kaɗan don robar ta ɗauki zafin ruwan, a jawo, a zubar da na farko, a sake. Na biyun ake karantawa, a inuwa, da sauri, a bayan jiki don kare shi daga iska. Hannu yana jiƙewa, gishiri yana shiga ido, kuma duk wannan don lamba ɗaya ce mai ɗigo, kamar 27.8.

A cikin rahoton akwai gurbin da ake faɗin ta wace hanya aka auna, guga ko inji. Da farko na ɗauka cika takarda ne kawai. A zuwanmu Rotterdam na gaba jami'ar ta ba ni labarin da ya sa ban ƙara tsallake shi ba. Masana sun daɗe suna ganin wani abu a tarihin zafin teku: a ƙarshen 1945 ya faɗi kwatsam da kusan digiri 0.3, babu aman dutse, babu wani dalili da aka sani. Sai a 2008 aka gano bakin zaren. Lokacin yaƙin duniya na biyu yawancin rahotanni daga jiragen Amurka suke zuwa, su kuma a ɗakin inji suke aunawa, inda ruwan kan ɗan ɗumama. Da aka gama yaƙi jiragen Birtaniya suka dawo aikawa, su kuma guga suke jefawa, irin wanda ruwa ke hucewa a ciki kafin a karanta. Tekun ba ta sauya ba, masu awon ne suka sauya. Rumbun da ake tara waɗannan rahotanni, ICOADS, yana da bayanan da suka faro tun 1662, kuma da shi ake gane yadda teku ke ɗumama a tsawon ƙarni. Wanda zai buɗe shi bayan shekara sittin ba zai same ni ya tambaye ni ba. Abin da na rubuta a gurbin nan shi kaɗai zai gani.

A watan Janairu, muna tsakanin Abijan da Tema, na fito dutin safe na tarar da rana ta zama farin faifai, ana kallonta da ido ba ta kashewa. Jirgin da na'urar rada ta nuna a mil uku ba a ganinsa. Na shafa ƙarfen baranda, yatsana ya fito da jar ƙura mai laushi kamar hoda. Na shinshina. Hunturu ne, shi ɗin dai, har da ƙamshinsa, a wurin da ko tudu ba a hangowa. Yawancin wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, ta ratsa ta kanmu, ta faɗa teku. Turawan da ke jirgin suna ta ƙorafin datti, ni kuwa kewar gida ce ta kama ni. Hazo yana da lambarsa, 05, ƙurar da ke rataye a sama wadda ba iskar wurin ta tayar ba kuma 06. Na rubuta 06 da tabbacin da ban taɓa yi wa wata lamba ba. A irin wannan rana rahoton jirgi yana da daraja ta musamman, domin tauraron ɗan'adam da ke auna zafin fatar teku daga sama, ƙura da gajimare suna rikita masa gani, sai an gwada abin da ya faɗa da na wanda ya taɓa ruwan.

Sai da na yi zagaye huɗu a wannan hanya kafin maganar dattijuwar ta dawo mini. Ina da ɗan littafina na aljihu inda nake kwafe zafin ruwa. A Afrilu, a gaban Tema, guga yana ba ni 28 zuwa 29. Da muka dawo a Agusta, wuri ɗaya, sai ga 23. Na zaci ma'aunin ne ya lalace, na sake jefawa har sau uku, na kira ɗakin inji, su ma suka ce ruwan ya yi sanyi. Ko'ina kwale-kwalen masunta ne, domin lokacin ne ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa sama da abincin kifi, kakar masuntan Gana ke nan. Can kudu kuma, a kan layin ikwaita, wani dogon harshe na ruwan sanyi yakan shimfiɗu a daidai wannan lokaci kowace shekara.

Na zauna na karanta abin da ke cikin littattafan ɗakin tuƙi, na haɗa da abin da na sani tun ina yaro. Da bazara Sahara takan yi zafi ƙwarai, iskar kanta ta yi sauƙi ta tashi. Teku kuma tana yin sanyi. Wannan bambanci shi ke jawo iskar kudu maso yamma daga kan ruwa, ɗauke da laima, ta nausa cikin ƙasa. Wajen ƙarshen Yuni damina takan yi tsalle daga bakin teku ta koma arewa. Shi ya sa a Agusta Akara da Legas kan samu ɗan tsaiko na ruwa da sanyi-sanyi, alhali a Kano da Katsina da Maraɗi lokacin ne marka. Iskar nan da mahaifina ke fita tsakar gida da asuba ya ce ta juyo, daga kan wannan ruwan da ke cikin gugana take tasowa.

Mahaifina yana ba da labarin farin 1973 da na 1984 kamar jiya aka yi, shanun da suka mutu da mutanen da suka bar gari ba su dawo ba. A 1986 wasu masana na ofishin yanayi na Birtaniya suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da wani yanayi na zafin tekunan duniya, wato lokacin da tekunan kudu suka fi na arewa ɗumi fiye da yadda aka saba. Bayanan da suka yi aiki da su na jiragen ruwa ne, na mutanen da suka jefa guga tun farkon ƙarnin, waɗanda galibinsu ba su taɓa ganin gonar gero ba. A yau ma, hasashen damina da hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, ke fitarwa kowace shekara, da wanda ake haɗawa a cibiyar AGRHYMET ta Yamai, zafin teku yana cikin manyan abubuwan da suke dubawa.

Wani zuwa da muka yi, jami'ar ta kawo mana manyan kwalaye biyu, ta roƙi Kyaftin a jefa abin da ke ciki a hanya. Ni dai gora na kira shi, domin ya tuna mini da wanda masunta ke kifa ciki a kai a Argungu: ƙwallo ne da ya ɗan fi tulu, da wani dogon buhu mai huji-huji a naɗe a ƙarƙashinsa. Idan ya shiga ruwa buhun yakan warware ya rataya a zurfin mita 15, don gorar ta bi ruwa maimakon iska. Tana auna zafin teku, wasu har da nauyin iska, tana aikawa da kanta. Akwai irinsu sama da dubu suna yawo a tekunan duniya, ban da wasu kusan 4,000 na shirin Argo masu nutsewa har mita 2,000 su taso duk kwana goma, kuma jiragen sa-kai suna cikin masu kai su inda ake so. Umarnin a rubuce yake: a cire ledar waje, amma kada a taɓa kwali da tef ɗin takarda, ruwa ne zai narkar da su. Kwana ɗaya bayan mun wuce Dakar, ni da Bosin muka ɗauke ta zuwa bayan jirgi, na yi bisimilla, muka sake ta. Ta nutse cikin kumfan farfela, ta ɓullo, ta yi ta ƙanƙancewa. Na rubuta lambarta da lokaci da wuri. Watanni bayan haka, da muka samu intanet, na neme ta da lambar, na same ta ta yi nisa yamma, tana ta aiko da rahoto.

Akwai abin da ke damuna. A tsakiyar shekarun 1980 jiragen sa-kai sun haura 7,000, daga nan adadin ya yi ta raguwa. Ma'aikata sun ragu a jirage, takardu sun ƙaru, hafsa yana fita daga tasha a gajiye. Kuma taswirar rahotanni tana nuna cunkoso tsakanin Turai da Amurka, ruwan da ke gaban Afirka kuwa ɗigo-ɗigo ne, alhali mu ne abincinmu ya rataya a kan damina ɗaya. A wani jirgi da na yi aiki daga baya na ga hafsan da ke kwafe rahoton awa shida da suka wuce, ya ɗan taɓa lamba ɗaya ko biyu, ya aika, ko ƙofa bai buɗe ba. Na yi masa magana, ya ce wa zai sani? Na ba shi labarin lagwanina da na 1945. Na ce idan ya gaji ya bari kawai, ko ya tashe ni in yi. Sau biyu ya tashe ni, na kuma tashi.

A Yunin da ya wuce muna tsaye a wajen Tema muna jiran a ba mu wurin ɗaurewa, inda layin waya ke kamawa. Na kira gida. Bayan gaisuwa Baba ya ce sun yi binne a gonar tudu kwana shida ke nan, shamuwa ta iso tun tuni, iska ma ta juyo, amma hadari sai ya haɗu ya watse.

Ya ce, "To kai da kake can bakinsa, me ruwan naku ya ce?"

Na ce, "Baba, ya fara sanyi. Da muka zo a Afrilu 29 ne, jiya na samu 26 da ɗigo huɗu."

"Wannan alheri ne ko kuwa?"

Na ce lokacinsa ne ya yi, haka ake so ya yi, amma guga ɗaya ba ya faɗin damina, sai an haɗa da na sauran jirage da na gorunan nan. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To a ci gaba da aunawa da kyau. Allah Ya ba mu mai albarka." Na ce amin, ya miƙa wa Inna wayar.

Da muka gama sha biyu saura minti ashirin da biyar. Na ji takun Sakan a matakala. Iska tana kudu maso yamma, kumfa jefi-jefi, ƙananan gajimare sun rufe kashi shida cikin takwas, duk sun nufi tudu. Na taɓa lagwani na ji shi a jiƙe, na ɗauki guga na sauka.